Rabin Askin Hamma Sale

Duk namijin da ya zauna a Jekadafari tun kafin 'yancin kai, in dai Allah ya ba shi gashi, to ya taɓa komawa gida da rabin aski a ƙarƙashin hula. Kada kowa ya musa. Ina zaune a gefe da tawadata na ga kawunanku, kuna tashi daga tabarmar Hamma Sale wanzami kuna danna hula har kunne, ɓari guda sumul kamar bayan ƙwarya, ɓari guda kamar gonar da aka manta da ita. Allah ya jiƙan Hamma. An ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni na fi kowa daɗewa a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. To ga shi na rubuta. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, ba da aska na zo ba.

Saboda yaran da suka taso daga baya, bari in faɗi yadda abin yake. Hamma ba ya aski shiru. Da ya jiƙa maka kai, ya wasa aska a kan fata, sai ya ɗauko labari. Labarin kuwa kullum na bincike ne: wani abu ya ɓace a unguwa, mutane sun ce aljanu ne suka ɗauke. Yana aski yana zuba, kai kuma ka saki jiki, har aska ta kai tsakar kai daidai. A nan zai ɗaga hannu ya leƙo fuskarka.

“To, mai kai, aljani ne ko mutum?”

In ka ce mutum, ya ce, “Sunkuya,” ya ƙarasa maka askin da labarin gaba ɗaya. In kuwa tsautsayi ya sa ka ce aljani, sai ya naɗe aska ya jefa a zabira.

“Je ka, aljanin ya ƙarasa maka. Gobe ka dawo da hankalinka.”

Ba magiya, ba ban baki. Ya yi wa ango haka ana gobe ɗaurin aurensa. Ya yi wa wani dattijo mai rawani, mutumin ya tafi yana cewa wallahi sai ya kai ƙara, washegari tun hantsi ga shi ya dawo yana cewa, “Sale, na kwana ina tunani, mutum ne.”

Kuma ba ku da wurin gudu a lokacin, don kawunan unguwar nan gadonsa ne. Ubansa ya aske ubanninku, shi ya aske ku, shi ya yi wa 'ya'yanku askin suna, ya cire musu beli, ya yi musu kaciya. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. Yakan shafa kan mutum ya ce, “Ga gonata nan, ita ba ta jiran damina.” Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Mai binciken da ke cikin labaran shi kansa aljani ne, wai shi Saje Gajere, tsohon ɗan dokan aljanu, ofishinsa na kan reshen tsamiyar da muke zama a ƙarƙashinta. Aljani ne musulmi, mai ciwon gwiwa, mai cin goro. Ba ya hawa keke, saboda jinsinsu ba sa shiri da ƙarfe, shi ya sa kullum a makare yake isa inda aka yi ɓarna, a kan jakin aro. Aikinsa guda ne tak, wanke danginsa daga sharrin 'yan Adam. Matarsa Goggo Ndiyam 'yar ruwa ce. Daga kogin Dadin Kowa ya auro ta, ya kawo ta Gombe, garin da sai an toni yashi kafin a ga ruwa. A cikin randa take zaune, ruwa iya ƙugu, daga nan take yi masa faɗa safe da yamma: “Gidan ubana kada ke mana gadi, yau ga ni ina rabon wuri da moɗa!”

Hamma bai iya riƙe alƙalami ba, ni kuma Allah ya hore mini hannu a ajami tun ina gardi. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa, bayan na sallami ɗalibai da safe. Modibbo, wato babban malami, yake kirana don tsokana, ni da ban kai ko kusa ba. In littafi ya kammala sai in ɗinke shi in sa masa bango na fata, ya shiga yawo gida gida. Yakan dawo mini da ƙamshin daddawa da ɗigon kananzir, wani lokaci har da saƙo daga cikin gida, wai a gaya wa Hamma in Saje bai canja wa matarsa randa babba ba, ba za su ƙara karantawa ba.

Na farko da muka rubuta shi ne na akuyar Goggo Nenne, tsohuwar nan mai ƙosai a bakin masallaci. Akuya guda gare ta a duniya. Ranar bikin 'yancin kai kowa ya tafi fili kallon 'yan makaranta suna maci da tutoci, ta dawo ba akuya, ba igiya. Nan take aka ce ai dama kusa da tsamiya ta ɗaure ta, mutanen ɓoye su ma sun yi nasu bikin.

Kafin mako ya zagayo Hamma ya haɗa labari. Saje Gajere ya iso a makare kamar kullum, ya duba wurin, ya tofar da goro, ya ce, “Wanda ke tashi sama ya ratsa bango, me zai yi da igiya? Ku duba, har turken ya tuge ya tafi da shi! Mu dai ba a san mu da wannan ƙaranta ba.” Ya bi sawu, ya bi sawu, har ya kama ɓarawo, wani mutum mai tabon jifa a ƙeya, zagayayye kamar ƙwayar gujiya.

A nan hikimar Hamma take, kuma a nan mutuncinsa yake. Bai taɓa kiran suna ba. Bai taɓa faɗin gida ko sana'a ba. Kan ɓarawo kawai yake siffantawa. Mu kuwa mutane ne masu hula, daga mai kan sai wanzaminsa suka san abin da ke ƙarƙashinta. Sai mutum ya ji an faɗi laifinsa a gaban jama'a, ana ta dariya har da shi, ba wanda ya san da shi ake. Na taɓa tambayarsa yadda yake ganewa, ya ce, “Modibbo, baki na ƙarya, fatar kai ba ta yi. In na ambaci akuya na ji gumi ya tsatso a ƙarƙashin yatsuna, na gama bincike.”

Ba a jima ba Goggo Nenne ta wayi gari ta tarar da akuya a ɗaure a ƙofarta, da igiya, da turke. Ta jawo ta har gindin tsamiya tana haki.

“Sale, wannan ba tawa ba ce. Tawa ja ce, wannan baƙa, ga ta da ciki ma.”

“Riƙe abinki, Goggo,” in ji Hamma. “Kunya ce ta rina ta.”

A wancan zamani akwai kunya a garin nan, ana samunta ko a wurin ɓarawo.

Liman na lokacin, Allah ya gafarta masa, bai so abin ba da farko. Wata rana ya zauna aski, kafin a jiƙa kai ya fara wa'azi.

“Sale, wannan abu naka ƙarya ce tsagwaronta. Ka taɓa ganin aljani da kakin saje?”

“Allah gafarta Malam, ban taɓa ba. Amma ina da tambaya. A cikin aljanu akwai musulmi?”

“Akwai.”

“Yi wa musulmi ƙazafin sata fa?”

“Haramun ne.”

“To tun da na buɗe ido a unguwar nan, kaza ba ta ɓata sai an ce su ne. Miya ta yi tsami, su ne. Yaro ya faɗi jarrabawa, su ne. Ban taɓa jin ka tsaya ka kare su ba. Ni ƙaryata kowa ya san sunanta ƙarya. Tasu ce ake rantsuwa a kanta.”

Liman ya sunkuya aka yi masa aski. Da yamma sai ga shi ya ja ni gefe, wai in ara masa littafi guda don ya duba mini kurakuran rubutu. Da ya dawo da shi bai nuna mini kuskure ko ɗaya ba. Ya dai rage murya ya ce, “Malam Umaru, matar nan ta Saje, ta koma kogi ne ko ta haƙura?”

Akwai kuma Malam Yohanna, malamin firamare, mutumin Kaltungo, da ke haya a unguwar Madaki. Duk Asabar sai ya tako har wurinmu, ko gashinsa bai tsiro ba. Ya ce su ma can wurinsu in abu ya ɓata, kan mutanen dutse ake ɗorawa, don haka Saje Gajere ɗan garinsu ne. Shi ne ya sa ni na karanta masa labarin Dodon Ma'auni ya buga shi da keken rubutu a boko. Labarin nan ne da dodo ke cusa ƙafa a ƙarƙashin sikelin auduga har buhun manomi ya rage nauyi, daga baya Saje ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya leƙa, ya ga ƙafar dodon sanye da takalmi sau-ciki. Malam Yohanna ya tafi da shi lokacin hutu wurin wasu masu buga littattafai a wani gari, ya dawo fuska ba yabo ba fallasa.

“Baba Sale, sun ce labari ya yi, amma a gyara abu biyu. Aljani ya zama shi ne mugu, don masu karatu sun fi son a tsorata su. Sannan a cire matar, wai ta cika surutu.”

“A cire ta?” Hamma ya ajiye aska. “Malam Yohanna, tun ina saurayi nake zaune da Adda Hajjo ban iya cire ta ba, sai ta cikin randa?”

Daga bayan zana muka ji muryar uwargida: “Ina jin ka, wanzamin banza!”

Muka yi dariya har Malam Yohanna ya riƙe ciki. Da dariya ta lafa Hamma ya ce, “Ka gaya musu a bar aljanu su huta.” Shi ke nan. Ba a taɓa buga littafinsa ko guda ba. Malam Yohanna kuma aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da takardunsa. Na gode wa Allah da bai ga abin da ya biyo baya ba, don yana ganinmu da daraja.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Kun san yadda aka yi. Kwano ya kori jinka, babur ya kori keke, mutumin da jiya ke bin jaki yau ana buɗe masa ƙofar mota. Cikin waɗanda Allah ya ɗaga akwai Buba, sa'an Hamma, tare suka yi wasan ƙasa. Da jakai ya fara, yana ɗebo ruwa daga kwari yana sayarwa. Ya shiga kwangila, ya je Makka, ya sayi tankar ruwa, ya zama Alhaji Buba. Rabin samarin unguwar nan a ƙarƙashinsa suke ci, wannan direba, wannan yaron mota, wancan lebura, wancan mai gadi. Ban ce bai yi alheri ba. Ya yi.

Wata shekara aka sauke bututun ƙarfe tuli guda a filin da ke bayan tsamiya, aka ce za a ja mana famfo. Mata suka yi ta guɗa, su da suka san abin da tulu ke yi wa wuya. Hamma ya ce Goggo Ndiyam har ta sa an yi mata lalle. Sai wata Juma'a muka dawo daga masallaci muka tarar da fili fayau, ba bututu ko guda, sai sawun taya a kan yashi. Kafin la'asar magana ta gama unguwa: ai aljanun tsamiya ba sa son ƙarfe, sun kwashe.

Adda Hajjo ta ce babu macen da ba ta leƙa ta zana ta ga motar ba, kuma babu wadda ba ta gane ɗanta ko ƙanenta a cikin masu lodi ba. Ba da daɗewa ba aka kafa sabuwar rumfar motoci a gidan Alhaji Buba, ginshiƙanta na ƙarfe, an shafa musu koren fenti. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji kukan bututu. Tankarsa kuwa ta ci gaba da zuwa, mata na bin layi da bokiti.

Hamma ya kira ni ya ce in kaɗa tawada. Muka rubuta Famfon da Ya Tashi Sama. A ciki Goggo Ndiyam ta haɗa kayanta za ta yi yaji, Saje Gajere ya tsaya a gaban taron aljanu yana rantsuwa: “Ni da matata ke kwana a randa, ni zan sace famfo? Kuma tun yaushe aljani ya yi lasin tuƙi?” Ya bi sawun taya a kan jakin aro har ya kama mai laifi, wani mutum mai shatin haƙoran jaki a tsakar kai.

Na ɗaga alƙalami na ce, “Hamma, wannan ba akuya ba ce fa.”

“Rubuta, Modibbo. Zai dawo da su. Na san Buba, mutum ne mai kunya. Ranar da jakin ya cije shi ma ɓuya ya yi a rumbu don kada a gani.”

Da gaske yake. Bai yi don ya tozarta abokinsa ba. Ƙofa ya buɗe masa, irin wadda ya buɗe wa mai akuya, yana jiran wata safiya mu tashi mu ga bututu a fili, ko da da koren fenti ne, a ce kunya ce ta rina su.

Littafi ya shiga gari. Wata rana bayan la'asar, majalisa ta cika, sai ga motar Alhaji Buba ta tsaya. Ya fito yana murmushi, ya yi sallama, ya zauna a tabarmar aski. Da hannunsa ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya juya shi dama da hagu don kowa ya gani.

“Jama'a, ku duba da kyau. Haƙoran jaki ne. To, sai me?”

Sannan ya juyo wurin Hamma.

“Sale, aske ni, ka ba ni labarin nan da ake ta yawo da shi.”

Hamma ya jiƙa kai, ya wasa aska, ya fara. Ya kawo yajin Goggo Ndiyam, ba wanda ya yi dariya. Ya kawo lasin tuƙi, ba wanda ya yi dariya, sai Alhaji kaɗai. Da aska ta iso kan tabon, ya ɗaga hannu.

“To, mai kai, aljani ne ko mutum?”

Alhaji ya ɗago kai. Ya waiwayo wurinku.

“Ni ba na nan ranar. Ku ne mutanen unguwa, ku kuka sani. Wa ya kwashe bututu?”

Sai wata murya ta ce, “Aljanu ne, Alhaji.” Wata ta bi. Wata ta ƙara da cewa ai kowa ya san halin tsamiyar nan. Ba zan kira suna ba, a wurin Hamma na koya. Amma na san muryoyinku, tare muke sahu da ku.

“Ka ji ko, Sale?” in ji Alhaji. “Gyara ƙarshen. Layi biyu ne Malam Umaru zai goge. Bana in biya maka kujerar Makka, kai da Hajjo.”

Hamma ya dubi kan nan da ya sani tun yana da tukku. Ya naɗe aska a hankali ya sa a zabira.

“In tsaya a gaban Ɗakin Allah da ƙazafi a zabirata? Je ka, Buba. Aljanin ya ƙarasa maka.”

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da hula, ya shiga mota. A sabon shagon aski na wajen tasha aka ƙarasa masa. Washegari bai dawo da hankalinsa ba. Har yau bai dawo ba.

Daga nan gonar Hamma ta fara bushewa. Gidan Alhaji ya fara janyewa, sai na ma'aikatansa, sai na surukansu, sai na masu fatan a ɗauki 'ya'yansu aiki. A yi haihuwa a gidan da ke jikin katangarsa, a aika har unguwar Malam Inna a ɗauko wani wanzami, ya wuce ta gaban tsamiya da zabira yana kallon ƙasa. Littattafai suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sake ara. Waɗanda suka yi shekaru suna sheƙa dariya a tabarmar nan suka koyi bi ta ɗaya gefen hanya, su ɗaga hannu daga nesa kamar masu sauri. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Kun dai ɗauke kawunanku ne kawai, kun san kuwa ba shi da wani abu sai su.

Shi kuwa kullum sai ya shimfiɗa tabarma, ya wasa aska, ya zauna. Kaina kaɗai ya rage masa, ni kuma sanƙo ya riga ya cinye gaba. Yakan dube ni ya girgiza kai ya ce, “Modibbo, kai Allah ne ya yi maka rabin aski, ban san amsar da ka ba shi ba.” Ya ce Saje Gajere ma ya nemi a sallame shi daga aiki, don tunda mutane suka daina jin kunya, bincike ya zama wahalar jaki kawai.

Ya rantse ba zai sha ruwan tankar Buba ba. Da tsufansa yake ɗaukar tulu ya gangara kwari ya toni yashi. Adda Hajjo ta koma yin daka da surfe a gidajen mutane. Wata rana ina zaure na ji ta tana yi masa faɗa, ba irin na wasa ba, murya na karyewa.

“Layi biyu, Sale! Aljanun nan naka su za su ba mu tuwo?”

“Ba za su ba mu ba, Hajjo,” in ji shi. “Amma ba su taɓa hana mu ruwa ba.”

Na ji ta ci gaba da daka, taɓarya na faɗuwa da ƙarfi.

Da ciwo ya kwantar da shi, gashinsa ya taru fari fat, abin da ban taɓa gani a kansa ba. Abokin sana'arsa da suke aske juna tun suna samari shi ne ya gaji gidajen, kunya ta hana shi leƙowa. To kun ga, akwai sauran kunya, sai dai ba inda take da amfani ba. Wata rana da hantsi na je gaishe shi, ya ce a fito da shi gindin tsamiya. Ya miƙo mini zabira.

“Aske ni, Modibbo. Ba zan je gaban Ubangijina kamar bunsuru ba.”

Ni ban taɓa riƙe aska ba, in ban da wuƙar fiƙe alƙalami. Na yi bisimilla na jiƙa kai da ruwan tulunsa. Jan farko na yanke shi. Na biyu ma haka.

“Kai! Aski na ce, ban ce ƙaho ba! Kwantar da ita, kwantar da ita. Wannan hannu ne ake yabo a ajami?”

Na yi ta lallaɓawa, shi yana ta mita, Adda Hajjo na tsaye a bakin zaure tana dariya tana share ido da mayafi. Da na kai tsakar kai, sai na ji ya kama wuyan hannuna. Ƙarfin da ya rage masa ke nan.

“Tsaya nan. Bututun nan, Modibbo. Aljani ne ko mutum?”

Abin da ya daɗe a ƙirjina ya taso gaba ɗaya.

“Buba ne! Buba ne, Hamma, da 'ya'yan unguwar nan da suka yi lodi, da iyayensu da suka zauna a nan suka ce...”

“Kai, kai, kai. Wa ya tambaye ka suna? A tabarmata ba a kiran suna. Aljani ko mutum?”

Na ce, “Mutum ne, Hamma.”

Ya saki hannuna. Ya sunkuya da kansa, yadda ya sa dubban mutane suka sunkuya.

“To ƙarasa.”

Na ƙarasa. Askin bai yi kyau ba, amma cikakke ne. Bai sake fitowa gindin tsamiya ba.

Ranar da ya rasu kun zo, ban hana muku wannan ba. Unguwa ta cika har hanya ta toshe. Kowa na cewa mutumin kirki ne, mai ban dariya, ba za a sake irinsa ba. Wasu har suna ba da labarin rabin askinsu kamar lambar girma. Alhaji Buba ya aiko da tanka cike da ruwa kyauta, don wanka da zaman makoki, na ji ana ta sa masa albarka. Sai Adda Hajjo ta miƙe. Ta ɗauki tulu ta ratsa tsakiyarku, tsohuwa mai sabon takaba, ta gangara kwari. Ba wanda ya iya tare ta, ba kuma wanda ya iya kallonta. Muka jira har ta dawo. Da ruwan yashi muka wanke shi.

Famfo dai har yau bai zo ba. Kwanan baya na ji wata yarinya a layin tanka tana tambayar uwarta me ya sa unguwarmu ba ta da famfo, uwar ta ce mata aljanu ne. Na buɗe baki, sai na tuna ba ni da aska, na wuce masallaci.

Ya Allah, bawanka Sale ya zo maka da kai a aske da hannu wofi. Ya san abin da ke ƙarƙashin hular kowa, bai taɓa yaye ta ba, to kai ma ka rufa masa asiri ranar da ake tone-tone. Ka yafe masa tsokanarsa da taurin kansa, ka ba Adda Hajjo haƙuri. Ya yi ƙishi a garinsa, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mu kuma da muka rage, ka mayar mana da kunyarmu kafin mu iske shi. Amin.